Mulki, Taimakon Talaka da Aikin Jama'a a Garwa da Ƙasar Fombina

1.0 Gabatarwa

Yawancin abin da ɗalibi ke karantawa game da tarihin arewacin Kamaru labarin yaƙi ne: wane ya karɓo tuta, wane ya ci gari kaza, wane ya yi wa wane tawaye. Amma tsakanin wannan yaƙi da wancan, mutane suna noma, suna kiwo, suna cin kasuwa, suna kai ƙara gaban alƙali, wani lokaci kuma suna kwana da yunwa. Wannan takarda za ta dubi wannan ɓangare na rayuwa, ta hanyar tambayoyi uku. Na farko, wane ne yake tafiyar da mulkin yau da kullum? Na biyu, idan mutum ya rasa abinci, ƙofar wa yake zuwa? Na uku, wane ne yake gina ganuwa, ya share hanya, ya ƙetarar da mutane kogi, kuma da wane lada?

Za a fi mai da hankali ga ƙarni na 19 da garin Garwa, wanda Faransawa ke rubutawa Garoua, tare da waiwayar Marwa da Ngaundere da Rai. Daga nan za a bi sawun waɗannan al'amura zuwa zamanin Jamusawa da Faransawa, domin a ga abin da ya sauya da abin da ya tsaya yadda yake.

2.0 Ƙasar Fombina da Matsayin Garwa

Fombina kalmar Fulatanci ce mai ma'anar kudu. Da ita ake kiran ƙasar da Modibbo Adama ya shugabanta bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wajen shekarar 1809. Daga sunansa aka samo Adamawa. Ya zauna a Gurin, ya koma Ribaɗu, sannan ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847. 'Ya'yansa suka gaje shi bi da bi: Lawal (1847 zuwa 1872), Sanda (1872 zuwa 1890) da Zubairu (1890 zuwa 1901). A ƙarƙashin Yola akwai ƙananan masarautu fiye da arba'in, kuma mafi yawansu suna cikin ƙasar da ake kira Kamaru a yau.

Garwa tana gaɓar kogin Binuwai ta hannun arewa. Kafin zuwan Fulani, Batawa ne ke zaune a bakin kogin suna su da fito, Fali kuma suna kewayen, daga baya da yawansu suka hau duwatsun Tingilin da ke arewa da garin. A ƙarni na 19 Garwa ba ta kai Ngaundere ko Rai ko Tibati ƙarfin yaƙi ba. Darajarta ta zo ne daga mashigin kogi da kasuwa, domin ayarin da ya fito daga Borno ko Marwa zai nufi kudu, sai ya ƙetare Binuwai. Kusancinta da Yola ya sa idon Lamiɗo yana kanta, saɓanin Tibati da Rai waɗanda nisa da ƙarfin dakaru suka ba su damar yi wa Yola taurin kai sau da dama.

Sunayen unguwannin garin har yau suna nuna irin mutanen da suka taru a cikinsa. Akwai Fulɓere ta Fulani, da Hausare ta Hausawa, da Kollere ta Barebari, da Marware ta mutanen Marwa. Hausawa sun zo ne a matsayin fatake da masu sana'a da malamai. Suna kawo tufafin Kano da kanwa da kayan fata, suna sayen hauren giwa da goro da bayi daga kudu.

3.0 Tsarin Mulkin Yau da Kullum

Shugaban kowace masarauta shi ne lamiɗo, jam'insa a Fulatanci laamiiɓe. Majalisarsa ana kiran ta fada, kamar yadda ake kira a ƙasar Hausa. Ɗalibin harshe zai amfana idan ya dubi sunayen sarautun wannan fada, domin harsuna huɗu ne suka haɗu a cikinta. Daga Fulatanci aka samu lamiɗo, da arɗo, wato jagoran zuriyar makiyaya, da jauro, wato mai gari ko mai unguwa. Daga Barbarci aka aro galadima da kaigama da yarima da lawan. Daga Larabci aka samu alƙali da liman da waziri. Daga Hausa kuma aka ɗauki sarkin yaƙi, da sarkin shanu, da sarkin fawa, da sarkin fada, da sarkin zango. Wannan ya nuna cewa makiyayan da suka kafa waɗannan masarautu, da mulkin gari ya zo hannunsu, sai suka ɗauki tsarin maƙwabtansu na Borno da ƙasar Hausa waɗanda suka daɗe da shi. A Ngaundere ma fadar ta kasu uku: sarautun Fulani, da na baƙi Hausawa da Barebari, da na bayin sarki.

Abin lura shi ne, a wurare da yawa mulkin ya rataya ne a kan mutane fiye da kan ƙasa. Akwai tsarin da ake kira tokkal, daga kalmar Fulatanci mai ma'anar bi. Kowane magidanci yana da wani babba da yake bi, ta hannunsa yake biyan abin da ke kansa, ta hannunsa kuma kukansa ke isa fada. Saboda haka gida biyu suna iya zama katanga ɗaya, amma kowanne da ubangidansa daban. Bahaushen da ya sauka a Garwa zai bi ta hannun maigidan da ya sauke shi, shi kuma ya kai shi ga shugaban Hausawa, shi kuma ya gabatar da shi a fada. Wanda ba shi da mai gabatar da shi, ba shi da hanyar da maganarsa za ta shiga kunnen lamiɗo.

Aikin yau da kullum kuwa ba mai wuyar ganewa ba ne. Lamiɗo yana zama a zaure, fadawa su yi gaisuwa, a saurari manzanni, a karanta wasiƙu da Larabci, a rubuta amsa. Rigimar gado da aure da bashi tana gaban alƙali, yana hukunci bisa mazhabar Malikiyya. Ɓarnar da shanu suka yi a gona, jauro da arɗo ne ke fara sasanta ta. Sarkin fawa yana lura da mahauta, sarkin shanu yana lura da garke da cinikin dabbobi. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da albashi. Kowa yana cin rabonsa ne daga abin da ya bi ta hannunsa, da kyautar lamiɗo ta riga ko doki ko bawa. A nan ne ƙarfin tsarin yake, domin ba ya bukatar kuɗi masu yawa. A nan ne kuma rauninsa yake, domin iyakar da ke tsakanin rabo da zalunci sirara ce.

4.0 Abin da Littafi Ya Tanada

Shugabannin jihadi ba su bar wannan fage babu bayani ba. A littafin Kitabul Farƙi, wanda ake dangantawa ga Shehu Usmanu, an soki sarakunan Hausa saboda haraje-harajen da shari'a ba ta san da su ba, irin su jangali da kuɗin gari, da kuma gaisuwar da ake kai wa masu mulki kafin a biya bukata. Abdullahi Ɗanfodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano domin shiryar da masu mulki. Muhammadu Bello kuma, a Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a da gina ganuwa da gyaran kasuwanni da hanyoyi cikin abubuwan da ke wuyan shugaba.

Bisa wannan koyarwa, dukiyar jama'a tana taruwa a baitulmali. Hanyoyin shigarta sun haɗa da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar na ganimar yaƙi, da jiziya daga waɗanda ba Musulmi ba da suka karɓi amana, da dukiyar wanda ya mutu bai bar magaji ba. Zakka kuwa tana da nata ƙa'idoji. Hatsin da ruwan sama ya shayar, idan ya kai nisabi, ana fitar da kashi ɗaya cikin goma. Shanu 30 ana fitar da maraƙi ɗaya, tumaki ko awaki 40 ana fitar da ɗaya. Alƙur'ani ya ƙayyade mutum iri takwas da za a ba, na farkonsu matalauta da miskinai, a cikinsu kuma akwai mai bashi da matafiyin da guzurinsa ya ƙare da bawan da ke neman fansar kansa.

Ke nan, a rubuce, talaka yana da haƙƙi sananne, kuma shugaba amintacce ne kawai a kan dukiyar da ba tasa ba.

5.0 Abin da Ya Gudana a Aikace

A aikace al'amarin ya ɗan sha bamban. Da farko, dukiyar ba ta kuɗi ba ce. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ƙetare Binuwai a mahaɗarta da Faro a watan Yuni na 1851 ya isa Yola, ya tarar ana ciniki ne da leppi, wato ƙyallayen saƙi na auduga. Saboda haka baitulmalin lamiɗo rumbunan dawa ne, da garken shanu, da ɗakin tufafi, da dawaki, da bayi. Mai kula da su shi ne ajiya. Da yake duk waɗannan suna cikin gidan lamiɗo ko gonakinsa, raba dukiyar jama'a da dukiyar sarki ya zama abu mai wuya.

Duk da haka, abin da ya shiga fada ba ya zama a can. Daga waɗannan rumbuna ake ciyar da baƙi da manzanni da malamai da dakaru. Ranar Juma'a da lokacin azumi da salla ana fitar da sadaka. Lamiɗon da ƙofarsa ba ta tara masu cin tuwo, mabiyansa sukan watse su koma wajen wani, domin ƙasa tana da faɗi, kuma mutane su ne dukiya. Saboda haka kyauta ta zama wajibi na addini kuma dabara ta mulki. Sai dai ta fi isa ga wanda yake kusa da fada.

Talakan da ke nesa ya dogara ne ga wasu hanyoyi da ba su bi ta fada ba. Akwai zumunta, wadda ke ɗaukar maraya da gwauruwa da tsoho. Akwai zakkar fid da kai da ake ba maƙwabci hannu da hannu a ƙarshen azumi. Akwai makarantar allo, inda unguwa ke ciyar da almajirai. A tsakanin makiyaya akwai al'adar ba wanda garkensa ya ƙare aron saniya, ya sha nono, ya riƙe 'yan maruƙan da ta haifa, sannan ya mayar da uwar. A tsakanin fatake akwai maigida da ke saukar da baƙo, ya ba shi ɗaki da abinci, ya tsaya masa idan ya yi ciwo ko ya karye. Noma ma ya ba da tasa kariya: a ƙarni na 19 ne dawar rani da ake dasawa a ƙasar laka bayan ruwa ya janye, wadda Fulani ke kira muskuwaari, Barebari kuma masakwa, ta yaɗu a filayen Marwa. Wanda damina ta ci amanarsa yana da girbi na biyu da zai sa rai da shi. Mutanen duwatsu, irin su Fali da Mafa, su kuma sun dogara ga gonakin da suka tare da jerin duwatsu da rumbunan da suke tsimin hatsi a ciki.

Akwai tambayar da bai kamata a tsallake ba: wane ne ya noma hatsin da ke cikin rumbun lamiɗo? Amsa ita ce, mafi yawansa bayi ne. Ƙauyen bayi manoma, wanda Bahaushe ke kira rinji, shi ne rumde a Fulatanci. Barth ya ba da labarin cewa akwai masu bayi fiye da 1,000, kuma an gaya masa Lamiɗo Lawal yana karɓar bayi kimanin 5,000 a shekara daga ƙananan masarautu ban da dawaki da shanu, ko da yake shi kansa ya ga adadin ya yi yawa. Unguwar Rumde Ajiya ta Garwa, inda babban filin wasan ƙwallo yake a yau, sunanta yana nufin rinjin ajiya. Waɗannan bayi an kamo su ne daga al'ummun da ke kewaye, kuma harin da ake kai musu shi kansa yana haddasa yunwa, domin ana ƙone rumbuna, ana kwashe majiya ƙarfi. Wato hannun da ke ba miskinin birni sadaka, sau da yawa shi ne ya talauta ƙauyen da ke bayan dutse.

6.0 Aikin Jama'a

Manyan ayyukan jama'a na wancan zamani su ne ganuwa da gwalalo, da masallacin Juma'a, da katangar fada, da rijiyoyi, da rumfunan kasuwa, da share hanya bayan damina. Sunan Ribaɗu kansa daga ribaɗi ya fito, wato garin tsaro da ake kafawa a bakin iyaka. Ngaundere da Tibati sun kewaye kansu da ganuwa da rami, kuma doguwar katangar fadar Rai tana nan tsaye har yau.

Ginin ƙasa yana bukatar gyara duk shekara, saboda haka da kaka ta wuce sai a yi shela. Ana raba aikin bisa unguwa da ubangida, kowa da yankin da zai ɗaga. Babu lada sai abinci da kiɗa. Manoma sun saba da gayya, wadda ake kira surga a Fulatancin yankin, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma gayya tsakanin maƙwabta ramuwa gare ta: ka yi mini yau, in yi maka gobe. Aikin fada ba shi da ramuwa sai tsaron da ganuwar ke bayarwa, kuma kaso mafi nauyi, wato haƙar ƙasa da ɗaukar ruwa da kwaɓa, yana kan bayi da ƙauyukan amana. Fito a kan Binuwai kuwa ya zauna a hannun masu jirage na bakin kogi, suna karɓar lada daga matafiya, fada kuma tana da nata rabo.

Kwatanci da wata ƙasa zai ƙara haske. A shekarar da Modibbo Adama ya rasu, wato 1847, ƙasar Ayalan da ke ƙarƙashin mulkin Ingila tana tsakiyar babbar yunwa saboda cutar da ta lalata dankali. A can akwai hukumar ayyuka tun 1831, da dokar matalauta ta 1838 wadda ta kafa gidajen da ake tsare miskinai ana ba su abinci a bakin aiki. A watan Maris na 1847 mutum fiye da 700,000 ne ke fasa dutse da gina hanyoyi domin samun ɗan abin sayen abinci. Duk da rajista da ma'aikata da albashi, kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu. A Ayalan an mai da aikin jama'a hanyar ba da taimako. A Fombina aikin jama'a haraji ne da ake biya da jiki, taimako kuma yana bin hanyar addini da zumunta. Kowane tsari ya nuna iyakarsa ranar da masifa ta game kowa.

7.0 Jarrabawar Ƙarshen Ƙarni

Irin wannan rana ta zo wa Fombina wajen 1890 zuwa 1891, lokacin da ciwon bushiya ya iso yankin Tafkin Cadi da Binuwai. Cutar ta shigo Afirka ne ta gaɓar Bahar Maliya a ƙarshen shekarun 1880, ta kashe mafi yawan shanun da ta tarar. Hausawa sun riƙa kiran wannan annoba Sannu, saboda yawan jajen da ake yi wa makiyaya. A nan duk hanyoyin da aka ambata suka toshe lokaci ɗaya. Mai ba da aron saniya ba shi da saniya, zakkar shanu ta faɗi, garken fada ma bai tsira ba. Makiyaya da yawa suka koma noma ala tilas.

A daidai wannan lokaci Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, yana zaune a Balda kusa da Marwa yana kira zuwa ga Mahadin Sudan. Jama'a masu yawa suka bi shi, har ya karya rundunar Lamiɗo Zubairu a 1893. Dalilan bin sa na addini ne da na siyasa, amma wanda ya rasa dukiyarsa kuma bai ga agaji daga fada ba, ya fi saurin amsa kiran mai alkawarin adalci.

8.0 Zamanin Jamusawa da Faransawa

Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar Yola a hannun Ingila, ta ba Jamus mafi yawan ƙasar Fombina. Turawan Ingila suka ci Yola a watan Satumba na 1901, Jamusawa suka karya Zubairu a Garwa a watan Nuwamba, suka sake karya shi a Marwa a Janairun 1902. Daga nan Garwa ta zama mazaunin razdan na Jamus, abin da ya ɗaga ta sama da garuruwan da a da suka fi ta. Jamusawa ba su da yawa, saboda haka suka bar sarakuna a kan gadonsu, suna neman gandu da hatsi da 'yan dako da ma'aikatan ginin bariki ta hannunsu. Tawayen Goni Wadai da Malam Alhaji na 1907 ya nuna cewa ba kowa ya yarda ba. A yaƙin duniya na farko sojojin Ingila da Faransa suka karɓi Garwa a ranar 10 ga Yuni 1915, Mora kuma ta riƙe har Fabrairun 1916.

Faransawa sun kawo harajin kai da ake biya da kuɗi, da aikin tilas na wasu kwanaki a shekara domin hanyoyi da gine-ginen gwamnati, da dokar da ta ba kwamanda ikon ɗaure mutum ba tare da shari'a ba. Lamiɗo da lawan da jauro su ne masu tara haraji da fitar da ma'aikata, ana ba su wani kaso daga abin da suka tara. A nan hanya ta rabu da ta Nijeriya, inda Turawan Ingila suka kafa baitulmalin gargajiya mai lissafi a rubuce, suka yanka wa sarakuna da alƙalai albashi. A ɓangaren Kamaru zakka ta ci gaba da shiga fada a matsayin haƙƙin lamiɗo, saboda haka manomi ya wayi gari yana biyan hukuma biyu.

A farkon shekarun 1930 fara ta cinye amfanin gona, yunwa mai tsanani ta auka wa duwatsun Mandara. Mutane suka sauko fili neman abinci, wasu iyaye har suka ba da 'ya'yansu a bakin hatsi. Maganin da gwamnati ta fi dogara da shi shi ne rumbun tsimi na dole, inda ake sa kowane gida ya ajiye wani kaso na girbinsa, da ƙungiyoyin tanadi da aka kafa a 1937 waɗanda kowane mai biyan haraji ke zuba musu kuɗi. Manufar mai kyau ce, amma da yake mabuɗin rumbun ba ya hannun mai hatsin, da yawa sun ɗauke shi wani sabon haraji. An soke aikin tilas da dokar kwamanda a 1946. A wannan zamani tashar jiragen ruwa ta Garwa ta bunƙasa. Cikin 'yan watannin da Binuwai ke cika, jirage na hawowa daga gaɓar tekun Nijeriya da gishiri da man fetur da siminti, su koma da gyaɗa da auduga.

Bayan samun 'yanci a 1960, ƙarƙashin Ahmadu Ahijo wanda haifaffen Garwa ne, manyan ayyuka suka koma hannun gwamnati gaba ɗaya. An kafa kamfanin auduga na SODECOTON a 1974, da hukumar ajiyar hatsi a 1975, dukansu da hedkwata a Garwa. Dokar 1977 ta mai da sarakunan gargajiya mataimakan gwamnati masu daraja hawa uku. An gina madatsar ruwa ta Lagdo tsakanin 1977 da 1982 da taimakon ƙasar Sin. Ta ba arewacin Kamaru lantarki, amma sakin ruwanta a 2012 ya haɗu da ambaliyar da ta raba dubban mutane da gidajensu a Kamaru da Nijeriya.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da abubuwa uku. Na ɗaya, mulkin yau da kullum a Fombina ya gudana ne ta hanyar bin ubangida, da sarautun da aka aro daga Borno da ƙasar Hausa, ba tare da albashi ba. Na biyu, taimakon talaka yana da tushe mai ƙarfi a shari'a, amma a aikace zumunta da maƙwabtaka da dabarun noma sun fi baitulmali ɗaukar nauyinsa, kuma bayin da suka cika rumbunan fada su ne mafi ƙarancin rabo a cikinsu. Na uku, aikin jama'a, daga ganuwar lamiɗo zuwa hanyar kwamanda, ya hau kan mutanen da ba su da bakin ƙi, har zuwa 1946. Masu mulki sun sauya sau huɗu a Garwa cikin shekara ɗari da hamsin, wato Fulani da Jamusawa da Faransawa da gwamnatin Kamaru. Wanda zai auna kowannensu, sai ya tambayi abin da aka karɓa daga hannun manomi da makiyayi, da abin da ya komo musu a shekarar da ruwa ya ƙi ko shanu suka mutu.